Ƙaramin Rance da Babban Alkawari: Me Ya Sa Bashi Bai Kori Talauci Ba?

A shekarar 1976 wani malamin tattalin arziki a Jami'ar Chittagong ta ƙasar Bangladesh, Muhammad Yunus, ya shiga ƙauyen Jobra da ke maƙwabtaka da jami'ar, ya tarar da mata masu saƙa kujerun gora. Ba su da kuɗin sayen gorar, sai su karɓi rance wurin dillali bisa sharaɗin shi za su sayar wa kujerun, a farashin da ya yanke. Su wuni suna aiki, abin da zai rage musu bai taka kara ya karya ba. Yunus ya sa aka ƙirga, aka samu mutum 42 da duk abin da suke buƙata su fita daga hannun dillalai bai wuce dala 27 ba. Ya ciro daga aljihunsa ya ranta musu, suka kuma biya. Nan ne tushen Bankin Grameen, wanda ya zama cikakken banki a 1983.

Labarin gaskiya ne, kuma yana da daɗin ji. Abin da aka ɗora a kansa ne ya fi ƙarfinsa. A 1997 an yi babban taro a Washington, aka ɗauki alkawarin kai ƙaramin rance ga iyalai miliyan 100 mafiya talauci a duniya kafin 2005. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2005 ɗin a matsayin shekarar ƙaramin rance. A 2006 aka ba Yunus da bankinsa kyautar Nobel ta zaman lafiya. Shi kansa ya sha faɗa cewa rana na zuwa da yara za su je gidan tarihi su ga yadda talauci yake, don ba za su gan shi a titi ba. An raba bashin kuwa, an kai shi ga mutane fiye da yadda aka yi alkawari. Talaucin ne bai tafi gidan tarihin ba.

Tambayar da ta fi damuna ita ce, me ya sa manyan duniya suka yi wa wannan dabara rububi haka? Talaka bai taɓa rabuwa da rance ba. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Akwai adashe, akwai mai kanti da ke rubuta sunanka a littafi, akwai attajirin ƙauye da ke ba da buhu da damina ya karɓi biyu da kaka. Babu wanda ya taɓa kiran waɗannan maganin talauci. Amsar tana cikin lokacin da ƙaramin rance ya yi tashe.

Daga ƙarshen shekarun 1970 wata aƙida ta hau kujerar mulki a ƙasashen yamma, aƙidar sakar wa kasuwa mara, wadda masana ke kira neoliberalizim. Margaret Thatcher ta karɓi mulki a Birtaniya a 1979, Ronald Reagan ya shiga fadar Amurka a 1981. Jigon aƙidar bai da wuyar faɗa: gwamnati ba ta iya kasuwanci ba, don haka ta sayar da kamfanoninta, ta janye tallafi, ta rage kashe kuɗi, ta buɗe iyakoki kaya su shigo, ta bar kasuwa ta yanke farashin komai har da darajar kuɗin ƙasa. A daidai wannan lokaci Amurka ta ɗaga kuɗin ruwa sama sosai, farashin kayan da ƙasashe masu tasowa ke sayarwa ya faɗi, bashin da suka ciwo a shekarun wadata ya zame musu ƙarfen ƙafa. Meziko ta ɗaga hannu a 1982 ta ce ba za ta iya biya ba. Duk ƙasar da ta je neman agaji wurin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ko Bankin Duniya, sai a miƙa mata waɗancan sharuɗɗa ta sa hannu.

Mu nan ba labari aka ba mu ba. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da SAP, shirin gyaran tattalin arziki mai ɗauke da irin waɗancan sharuɗɗa. A 1985 naira ta fi dala daraja a farashin gwamnati, zuwa 1987 dala ɗaya ta kai wajen naira 4. Aka rushe hukumomin sayen amfanin gona irin su gyaɗa da auduga, aka fara sayar da kamfanonin gwamnati, albashi ya zama ba ya kai mutum tsakiyar wata. Nijar da sauran ƙasashen da ke amfani da kuɗin CFA sun sha nasu a watan Janairun 1994, lokacin da aka zabtare rabin darajar kuɗin a dare ɗaya. A asibitocin gwamnati da yawa a Afirka aka fara cewa majiyyaci ya biya kafin a duba shi. Abin ya yi tsanani har hukumar UNICEF ta fitar da rahoto a 1987 tana roƙon a riƙa yin gyaran da tausayi, don yara ne ke ɗanɗana kuɗarsa. A watan Mayun 1989 zanga-zangar ƙin SAP ta ɓarke a biranen Najeriya. A cikin wannan shekarar ce gwamnati ta buɗe People's Bank, bankin talakawa mai ba da ƙaramin rance ba tare da jingina ba, wanda aka kwaikwayo daga Grameen, aka naɗa Tai Solarin, malami kuma ɗan gwagwarmaya, ya shugabance shi. Da hannu ɗaya aka janye tallafi, da ɗayan aka miƙo bashi.

Wannan ne sirrin farin jinin ƙaramin rance. Magani ne da ba ya taɓa aljihun kowa a sama. Ba ya buƙatar a ƙara wa mai kuɗi haraji, ba ya buƙatar a sake rabon gonaki, ba ya zancen mafi ƙarancin albashi ko ƙungiyar ƙwadago, ba ya neman gwamnati ta gina masana'anta. Talakan ne ma zai biya kuɗin maganinsa, har da ruwa a kai. Sannan ya zo da wani bayani mai kwantar wa masu mulki hankali: kowane talaka ɗan kasuwa ne da jari kawai ya rasa. In an ba shi jarin ya yi arziki, tsarin ya yi aiki. In ya karye, shi ne bai iya juya kuɗi ba. Ta haka aka ɗauke maganar talauci daga kan majalisa da kasafin kuɗi aka ɗora ta a kan mace mai tallan gyaɗa.

Ga yadda abin ke gudana a ƙasa. Tunda talaka ba shi da fili ko gidan da zai jinginar, sai aka mai da maƙwabtansa jingina. Mata biyar ko goma su haɗa ƙungiya, kowace ta tsaya wa 'yar'uwarta. Biya yakan fara mako ɗaya ko biyu bayan karɓar kuɗi, kuma duk mako ne, a gaban kowa. In ɗaya ta gaza, sauran ba za su samu sabon rance ba, wani lokaci ma ba za a tashi taron ba sai an cike kuɗin. Jami'in bashi ba ya buƙatar ɗan sanda. Ya isa ya zauna a zauren gida da littafinsa a cinya ya ce, “Hajiya, yau fa Talata ce,” mata tara suna zaune a tabarma, kowace ta bar tukunya a kan wuta, suna kallon ta goman. Ita kuwa ta san in ta fita a haka, kafin la'asar unguwa ta ji. Za ta tashi ta shiga ɗaki ta ɗauko atamfar da ba ta ɗinka ba, ko ta aika yaro gidan ƙanwarta, ko ta karɓo a wani bankin.

Daga nan ne ake samun alƙaluman da bankunan ke alfahari da su, cewa kashi 95 ko 98 cikin 100 na masu karɓar rance suna biya. Alƙaluman ba ƙarya ba ne, amma abin da suke nunawa shi ne bankin ya iya karɓar kuɗinsa. Ba su faɗi daga ina kuɗin ya fito ba. Wadda ta biya daga ribar sana'a da wadda ta sayar da akuya ta biya, a littafin banki duk ɗaya suke. Wata masaniyar halayyar al'umma 'yar asalin Bangladesh, Lamia Karim, ta zauna a ƙauyukan ƙasar ta rubuta yadda ake amfani da kunyar mace da mutuncin gidanta wajen karɓar bashi, har takan kai 'yan ƙungiya su kwashe kayan ɗakin wadda ta gaza, ko su cire kwanon rufin gidanta su sayar.

Batun mata ma akwai abin dubawa. Kusan kashi 97 cikin 100 na masu hulɗa da Grameen mata ne, kuma an tallata wannan a matsayin 'yantar da mace. Sai dai wani bincike da Anne Marie Goetz da Rina Sen Gupta suka wallafa a 1996 ya gano cewa mafi yawan matan da suka bincika a Bangladesh ba su ke da cikakken iko da kuɗin da suka karɓo ba. Miji ne ko ɗa ko wani namiji a gidan ke juya shi. Sunan mace ne a takarda, ita ce za a zo wa ranar biya. Bankunan sun fi son mata ne don mace ba ta iya tsallake 'ya'ya ta gudu birni, kuma ta fi jin zafin a ci mata fuska a bainar jama'a.

Sai kuɗin ruwa, inda ake yi wa mutane da yawa rufa-ido da lissafi. A ɗauki misali. Mai sayar da abinci ta karɓi naira 100,000 na wata 6, aka ce mata ruwan kashi 5 cikin 100 ne a wata. Ta lissafa: naira 5,000 sau 6, naira 30,000 ke nan, za ta mayar da 130,000, wato wajen 21,700 duk wata. A kunne ba tsada. Amma bayan wata 3 ta riga ta mayar da rabin uwar kuɗin, a wata na ƙarshe abin da ya rage a hannunta bai kai 17,000 ba, ruwan kuwa har yanzu a kan 100,000 cif ake lissafa mata shi. In aka auna da kuɗin da ke hannunta a zahiri, ruwan ya kusa kashi 8 a wata, kusan kashi 96 a shekara. Ƙara da kuɗin fom, da kuɗin inshora, da ajiyar dole ta naira 10,000 da za a riƙe tun ranar farko alhali tana biyan ruwa a kanta, sai ka ga ya haura kashi 100. Wace halastacciyar sana'a ce ke ninka jari duk shekara, bayan an ci an sha daga cikinta?

(A arewacin Najeriya da Nijar akwai masu ƙin wannan bashi saboda riba, kuma suna da hujjarsu ta addini. Amma canja wa abin suna ba ya rage nauyinsa. In banki ya sayi injin markaɗe ya sayar wa mace da ƙarin da ya kai wancan, a biya duk mako ba ɗaga ƙafa, tukunyarta ba za ta ji bambanci ba.)

A yi wa bankunan adalci, ƙaramin rance yana da tsadar gudanarwa. Wahalar da ma'aikaci zai sha ya ba mutum ɗaya naira miliyan 10 ba ta kai ta bin mutum 100 ƙauye-ƙauye a kan babur yana karɓar dubu bibbiyu ba. Grameen ita kanta kashi 20 take karɓa a shekara a kan babban nau'in rancenta, kuma a kan ragowar kuɗi take lissafawa. A farko ƙungiyoyin agaji ne ke cike giɓin. A shekarun 1990 sai ra'ayi ya juya, aka ce tallafi ba ya ɗorewa, dole kowace cibiya ta tsaya da ƙafarta, ta ci riba, ta jawo masu zuba jari. A Bolibiya wata ƙungiyar agaji ta rikiɗe ta zama bankin kasuwanci, BancoSol, a 1992. A 1995 aka kafa cibiyar CGAP a ƙarƙashin inuwar Bankin Duniya, ta zama mai yaɗa wannan sabon salo. Najeriya ta bi sahu a watan Disambar 2005, lokacin da Babban Bankin ƙasar ya fito da tsarin da ya mai da bankunan al'umma ƙananan bankunan rance masu zaman kansu. Ba a yi shekara 5 ba, a 2010, ya soke lasisin 224 daga cikinsu.

Inda salon ya kai ƙarshensa shi ne Meziko. Cibiyar rance ta Compartamos ta fara ne a 1990 a matsayin ƙungiyar taimakon mata. A watan Afrilun 2007 ta shiga kasuwar hannun jari, aka sayar da kashi 30 cikin 100 na hannun jarinta a kan kimanin dala miliyan 450. Kuɗin ba asusun ba da rance suka shiga ba, aljihun masu hannun jari na farko suka tafi, cikinsu har da shugabannin bankin da wata ƙungiyar agaji ta Amurka da reshen Bankin Duniya mai zuba jari a kamfanoni. Ruwan da matan ƙauye ke biya a lokacin ya kusa kashi 100 a shekara. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Yunus da kansa ya fito ya yi tir, ya ce an kafa ƙaramin rance ne don a kori masu cin riba da talaka, ba don a zama su ba.

A watan Agustan 2010 kamfanin ƙaramin rance na SKS a Indiya ya yi irin wannan, ya tara kimanin dala miliyan 350. Wata biyu bayan nan jihar Andhra Pradesh, inda kamfanin ya fi ƙarfi, ta kama da wuta. Kamfanonin rance sun yi wa jihar yawa, suna rige-rigen samun masu karɓa, ana biyan ma'aikaci lada gwargwadon yawan mutanen da ya kawo. Sai ka samu gida ɗaya da bashi huɗu ko biyar, ana karɓa nan a toshe can. Jaridu suka cika da labarin mutanen da suka kashe kansu saboda matsin masu karɓar bashi, gwamnatin jihar ta danganta gomman mace-mace da lamarin. A watan Oktoba ta kafa dokar gaggawa da ta hana bin mutane gida-gida da karɓar kuɗi duk mako, 'yan siyasa suka ce wa jama'a su daina biya, biyan da a da ya haura kashi 90 ya ruguje cikin 'yan makonni. Kafin Indiya, an ga irin wannan a Maroko da Bosniya da Pakistan da Nikaraguwa tsakanin 2008 da 2009. A Kambodiya abin ya ɗauki wata fuska: takardar gona ake karɓa jingina, kuma a 2019 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta LICADHO ta fitar da rahoto kan iyalan da suka sayar da gonakinsu, suka cire yara daga makaranta suka tura su aiki, don su biya.

Mai kare tsarin zai ce waɗannan ɓata-gari ne, a duba inda aka yi shi da gaskiya. An duba. Masana tattalin arziki sun yi gwaji irin wanda ake yi wa sabon magani: a raba unguwanni ko ƙauyuka gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a kai rance wa rabi, a bar rabi, a dawo bayan shekara ɗaya ko biyu a gwada. A birnin Hyderabad na Indiya, Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu sun yi haka da unguwannin talakawa 104. A 2015 aka haɗa sakamakon gwaje-gwaje 6 aka wallafa tare, daga Indiya da Habasha da Maroko da Meziko da Mongoliya da Bosniya. Kusan bakinsu ɗaya. Mutane da yawa ma ba su karɓi rancen ba da aka kawo musu shi har ƙofa. Waɗanda suka karɓa, wasu sun ƙara kaya a shago. Amma in aka duba kuɗin shigar gida gaba ɗaya, da abin da ake ci, da karatun yara, ba a ga wani sauyin a-zo-a-gani ba. A Hyderabad, ƙarin ribar da aka samu ta taru ne wurin 'yan tsirarun da dama can sana'arsu tana tafiya. Ba a kuma samu shaidar cewa rancen yana talauta yawancin mutane ba, wannan ma gaskiya ne kuma ya kamata a faɗe shi. Banerjee da Duflo, waɗanda suka samu Nobel ta tattalin arziki a 2019, ba 'yan gurguzu ba ne, ba kuma abokan gabar kasuwa ba ne. Aunawa suka yi.

Dalilin bai buƙatar digiri. Ɗauki layi ɗaya a unguwa da ke da mace ɗaya mai tuyan ƙosai. Mutanen layin suna da adadin kuɗin da za su iya kashewa a karin kumallo, kuma wannan adadi ya dogara ne da abin da magidanta ke samowa. Banki ya zo ya ba mata biyar rance, dukansu abin da suka iya kuma jarin zai isa shi ne ƙosai, ko awara, ko ɗanwake. Yanzu kasko shida ne a layin, masu saye kuwa ba su ƙaru da mutum ko ɗaya ba. Cinikin mace ɗaya aka raba shida, biyar daga ciki da bashi a wuya. A rahoton banki za a rubuta an kafa sababbin sana'o'i biyar. Babu wanda zai rubuta abin da ta farkon ta rasa. Masanin tattalin arziki Milford Bateman ya daɗe yana nanata wannan: abin da ya yi ƙaranci a unguwar talakawa masu saye ne, ba masu sayarwa ba. Yawancin masu ƙananan sana'o'in nan kuma ba sha'awar kasuwanci ce ta kai su ba, rashin aikin albashi ne. Tambayi mai tura baro ko mai sayar da katin waya abin da yake yi wa ɗansa fata, da wuya ya ce baro ko kati.

Akwai kuma abin da kowane jami'in rance ya sani ko da bai rubuta ba: kaso mai yawa na kuɗin ba ya shiga sana'a. A fom an rubuta “ƙarin jari”, a zahiri kuɗin tiyatar haihuwa ne, ko kuɗin makaranta, ko na haya, ko buhun masara a watan Agusta lokacin da rumbu ya ƙare sabo bai zo ba. Ba wauta ba ce, uwa ce ta ga ɗanta a kwance. Amma a lura da jerin: asibiti, makaranta, abinci. Su ne wuraren da gwamnatoci suka janye hannu da sunan tsuke bakin aljihu. Abin da ya kamata a biya daga baitulmali, kowa ya sa hannu gwargwadon ƙarfinsa, shi ne mace ɗaya ke biya da ruwan kashi 100. A ganina nan ne zargin da ake yi wa tsarin ya fi nauyi, fiye ma da labarin Compartamos. A 2016 wasu manyan masu bincike na IMF da kansu sun rubuta a mujallar asusun cewa an zuzuta wannan aƙida fiye da kima, kuma tsuke bakin aljihu da sakin kuɗi su shiga su fita yadda suka ga dama sun ƙara tazara tsakanin mai shi da marar shi. Sun faɗa ne bayan shekara 30.

In aka duba ƙasashen da talauci ya ragu da gaske, hanyar daban ce. Koriya ta Kudu da Taiwan sun fara da rabon gonaki ga manoma, suka zuba kuɗi a makarantu, gwamnati ta riƙe bankuna ta karkata rance zuwa masana'antun da ta zaɓa, ta kare su har suka yi ƙarfi. Sin, wadda Bankin Duniya ya ce ta fitar da mutum kusan miliyan 800 daga matsanancin talauci cikin shekara 40, ta buɗe kasuwa tabbas, tun daga 1978 da ta bar manoma su sayar da rarar amfaninsu. Amma a hankali ta buɗe, manyan bankuna suna hannun gwamnati, tana gina hanyoyi da tashoshin wuta da na jiragen ruwa. Ko Bangladesh, mahaifar ƙaramin rance, abin da ya fi ɗaga ta shi ne masana'antun ɗinka tufafi da suka ɗauki ma'aikata wajen miliyan 4, akasarinsu mata, suke kuma kawo sama da kashi 80 cikin 100 na kuɗin kayan da ƙasar ke fitarwa, sai kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa gida. Aikin ba aljanna ba ne, rushewar Rana Plaza, ginin masana'antun ɗinki, a 2013 ta kashe ma'aikata sama da 1,100. Amma albashi ne, yana zuwa duk wata.

Wanda ya san Kakuri a Kaduna lokacin da masaƙu ke aiki, ko Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, ya san me albashi ke yi wa unguwa. Ma'aikacin masaƙa ɗaya yana riƙe da mai shayi, da tela, da mai gidan haya, da manomin auduga a Funtuwa ko Gusau. Da masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya, saboda rashin wuta da tsadar kayan gyara da kwararowar atamfa mai arha daga waje, waɗannan duka suka rasa masu saye. Naira 10,000 ta shirin rance na TraderMoni da gwamnatin tarayya ta raba wa 'yan kasuwa a 2018 ba za ta mayar musu da su ba.

Duk wannan ba ya nufin talaka ba ya buƙatar wurin ajiya da wurin rance. Yana buƙata ƙwarai, don kuɗinsa ba ya zuwa a kan tsari: yau akwai, gobe babu, ciwo kuma ba ya sallama. Wani abin da ya fi dacewa da wannan buƙata a ƙasar Hausa aka haife shi. A 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi. Mata su riƙa zuba ɗan abin da ya sawwaƙa duk mako a akwati mai kwaɗo, su ranta wa junansu daga ciki bisa ƙa'idar da su suka gindaya, in zagaye ya cika su fasa su raba. Duk ƙarin da aka biya a cikin akwatin yake zama, ba ya tafiya wurin mai hannun jari a wata ƙasa. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka. Bai mai da kowa attajira ba, bai kuma yi wannan alkawarin ba. Ga waɗanda ke can ƙasan tsani kuwa, ƙungiyar BRAC ta Bangladesh ta gano cewa kyauta ta fi bashi: a ba iyali awaki ko saniya, a koya musu kiwo, a ba su ɗan kuɗin abinci na wasu watanni don kada yunwa ta sa su sayar da dabbar. An gwada wannan a ƙasashe 6, har da Gana da Habasha, aka wallafa sakamakon a 2015. A yawancinsu iyalan sun ci gaba da samun ƙari bayan shirin ya ƙare. A Honduras bai yi ba, don kajin da aka raba cuta ta kashe su. Irin wannan shiri yana cin kuɗi, wani ne zai biya, shi ya sa ba ya samun masu zuba jari suna layi.

Yanzu ƙaramin rance ya bar zauren gida ya koma cikin waya. Manhajojin ba da bashi suna turo naira 20,000 cikin minti biyar, a biya cikin mako ɗaya ko biyu, da ruwan da in aka lissafa shi a shekara ya ninka wancan na mai abinci sau da yawa. Ƙungiyar mata ba ta nan, amma jinginar ba ta canja ba. Lokacin sauke manhajar mutum ya danna amincewa ta karanta duk lambobin da ke wayarsa, ranar da ya makara kuwa sai saƙo ya isa wurin surukinsa da maigidansa da limamin unguwa cewa wane ɗan damfara ne, wani lokaci har da hotonsa. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas, ta sa aka rufe musu asusu. A 2023 Google ya hana manhajojin rance taɓa lambobi da hotunan da ke wayar mutum. Wasu da aka kora daga rumbun manhajoji suka koma tura wa mutane hanyar saukewa kai tsaye ta saƙo. A 2023 ɗin ne aka janye tallafin man fetur a Najeriya aka saki naira, a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, masu neman bashin kwana bakwai don su kai ƙarshen wata suka ƙaru, cikinsu har da masu albashi.